Tsohon da ke raɗa a finafinan namun daji: wane ne David Attenborough?

Tambaya: Baba, ni ɗaliba ce mai karanta aikin jarida, burina in zama mai gabatar da shiri a talabijin. Tun ina ƙarama nake jin muryar wani tsohon Bature a finafinan namun daji, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai gudun kada ya ta da jariri daga barci. An ce mini sunansa David Attenborough. Wai shi ke ɗaukar hotunan da kansa? Kuma me ya sa ya daɗe haka ana yayinsa, alhali sa'o'insa duk an manta da su?

Amsa: 'Yata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Bari in fara da mai sauƙin: a'a, ba shi ke riƙe kyamara ba. Waɗanda ke kwana a cikin ciyawa mako uku suna dakon damisa ta fito, sauro na shan jininsu, wasu mutane ne daban, sai a ƙarshen shiri za ki ga sunayensu suna wucewa da sauri, lokacin da kowa ya tashi ɗauko ruwa. Amma kada wannan ya sa ki ɗauka murya kawai yake sayarwa. Na shafe shekaru ina koyar da matasa haɗa shirye-shirye, kuma kuskuren da suka fi yi game da mutumin nan ke nan. Suna kwaikwayon raɗar, ba su san cewa kafin a fara jin raɗar ya yi aikin furodusa, ya rubuta shiri da hannunsa, ya riƙe tasha sukutum, ya san kuɗin da kowane minti na fim ke ci. Ta bayan gida ya shiga sana'ar, ba ta zaure ba. Amsar tambayarki ta biyu a nan take.

An haife shi ranar 8 ga Mayu, 1926, a Isleworth da ke yammacin Landan, amma a Leicester ya tashi, a harabar kwalejin da mahaifinsa Frederick ke shugabanta. Su uku ne maza. Wansa Richard ya zama ɗan wasa kuma daraktan finafinai, shi ya shirya fim ɗin rayuwar Gandhi a 1982. Dab da ɓarkewar Yaƙin Duniya na Biyu iyayensu suka karɓi riƙon 'yan mata biyu Yahudawa da aka tserar da su daga Jamus, suka tashi tare gida ɗaya. Shi David tun yana yaro ba shi da aiki sai hawa keke ya shiga ƙauyuka yana fasa duwatsu, yana neman sawun halittun da suka mutu tun zamanin da, jikinsu ya sandare ya zama dutse. Har kasuwanci ya taɓa yi: sashen nazarin dabbobi na kwalejin mahaifinsa na buƙatar wasu 'yan halittun ruwa masu kama da ƙadangare, shi kuwa ya san kududdufin da suke, nan kusa da ginin sashen, sai ya riƙa kamowa yana sayar musu a kan kwabo uku-uku bai faɗa musu inda yake samowa ba. Ya karanta ilimin duwatsu da na dabbobi a Cambridge, ya gama a 1947, ya yi shekara biyu a sojan ruwa, ya yi aure a 1950, ya kama aikin gyaran littattafan kimiyya na yara a wani kamfanin ɗab'i. Aikin ya gundure shi.

Sai ya nemi aikin rediyo a BBC, aka ƙi ɗaukarsa. Wata mata mai suna Mary Adams, wadda ke shugabantar sashen shirye-shiryen ilimi a ɓangaren talabijin, ta ga takardarsa ta kira shi. A lokacin ko akwatin talabijin ba shi da shi a gida, shiri ɗaya tak ya taɓa kallo a rayuwarsa. Ya fara aiki gadan-gadan a 1952. Don ki gane daɗewar abin, a shekarar nan babu gidan talabijin ko ɗaya a Nijeriya. Sai a 1959 aka buɗe na Ibadan, na Kaduna kuma a 1962. Abin dariya, da aka gwada shi a gaban kyamara sai aka yanke hukuncin cewa haƙoransa sun yi girma, bai dace da allo ba. Aka mayar da shi baya ya zama furodusa. Ni a ganina wannan ƙin da aka yi masa shi ne gatansa.

Talabijin na wancan zamani kusan komai kai tsaye ake watsawa. Shirin dabbobi kuwa shi ne a ɗauko dabba daga gidan zu a cikin buhu, a ɗora ta a kan tebur ƙarƙashin fitilu masu zafi, wani masani ya tsaya yana bayani, masu kallo suna jiran ta cije shi ko ta yi masa fitsari. Attenborough da abokinsa Jack Lester, mai kula da ɗakin macizai da ƙadangaru a gidan zu na Landan, suka kawo shawarar a bi masu kamo dabbobin har daji a ɗauki hoton yadda ake yi. Aka sa wa shirin suna Zoo Quest. Tafiyar farko a 1954 nan Afirka ta Yamma aka yi ta, Saliyo, wai neman wani tsuntsu mai sanƙon kai da ke gina sheƙarsa da laka a jikin duwatsun kurmi. Mai ɗaukar hotonsu Charles Lagus ne, da wata 'yar kyamara da ake ɗaure wa zare kamar agogon da, tana cin fim mai faɗin milimita 16. Manyan sashen fim na BBC sun raina wannan fim, su mai milimita 35 suka sani, amma wa zai ɗauki waccan rusheshiyar na'ura ya kutsa kurmi da ita? An yi ta ja-in-ja kafin su yarda, bisa sharaɗin a yi amfani da fim mai kala don hoton ya fi fita ko da za a nuna shi fari da baƙi. Sai bayan shekara sittin aka gano haka a ma'ajiya, aka nuna hotunan da kalarsu a 2016.

Lester ne mai gabatarwa, Attenborough na bayan fage. Bayan kashi na farko ciwon da Lester ya kwaso a tafiyar ya kayar da shi. An riga an buga sanarwar shirin, babu wanda ya san dabbobin sai furodusa, sai aka ce mai manyan haƙoran ya shiga ya tsaya. Lester bai warke sosai ba, ya rasu a 1956. Shirin ya ci gaba har 1963: Gayana, Indonisiya inda suka ɗauko hoton ƙaton damon nan na tsibirin Komodo wanda tsawonsa kan kai mita uku, Niyugini, Faraguwai, Madagaska. Kada mu yi wa tarihi kwalliya: kamun dabbobi suke yi suna kai su keji a Landan. Shi kansa daga baya ya ce abin da ba za a yarda da shi ba ne a yau.

Ga ɓangaren da mutane ba su sani ba. Ya ajiye aiki ya koma karatun al'adun al'umma a Landan, bai kammala ba aka kira shi a 1965 ya shugabanci sabuwar tashar BBC2, yana ɗan shekara 38. A hannunsa tashar ta zama ta farko a Turai da ta fara watsa shirye-shirye masu kala a kai a kai, a 1967, da gasar tanis ta Wimbledon. To, an samu kala, me za a nuna da ita? Nan ne za ki ga kan furodusa. Ya sa aka fara nuna wasan sunuka, na tura ƙwallaye da sanda a kan tebur, a 1969, wasan da ba shi da ma'ana a talabijin fari da baƙi tun da ba a bambanta jar ƙwallo da shuɗiya. Ya kuma ba da aikin wasu dogayen shirye-shirye masu kashi 13, inda masani ɗaya zai ɗauki fanni guda ya bi shi daga tushe, yana magana daga wuraren da abin ya faru: Civilisation na Kenneth Clark a kan fasahar Turai, 1969, da The Ascent of Man na Jacob Bronowski a kan tarihin kimiyya, 1973. Ki riƙe wannan siffa ta kashi 13, za mu dawo kanta.

A 1969 aka ɗaga shi ya zama daraktan shirye-shiryen tashoshin BBC biyu. Aiki ya koma taro, kasafin kuɗi, rigimar ma'aikata, sallamar mutane. Da aka fara ambatar sunansa a cikin waɗanda za su iya zama babban darakta na BBC baki ɗaya, sai ya ajiye muƙamin, a 1973 ya koma daji. Ki tsaya ki auna. Mutum yana dab da kujera mafi girma a gidan, da mota da ofis da masu buɗe masa ƙofa, ya ce a kai kasuwa. A cikin abokan aikina na ga masu hazaƙa da dama da ƙarin girma ya kashe. Aka cire su daga ɗakin haɗa shiri aka ba su tebur da tambari, shi ke nan ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Ban ga laifinsu ba, akwai iyali, akwai kuɗin makaranta. Amma ban taɓa ganin wanda ya yi irin ta Attenborough ba.

Daga cikin abin da ya fara yi bayan saukarsa akwai The Tribal Eye na 1975, a kan fasahar hannu ta al'ummomi daban-daban, har da kashi guda a kan Dogon na ƙasar Mali, da wani a kan kayan tagulla na masarautar Binin, waɗanda sojojin Birtaniya suka kwashe a 1897. Amma abin da ke ransa shi ne a yi wa halittu irin abin da ya sa aka yi wa fasaha da kimiyya. Shi ne Life on Earth, kashi 13, wanda aka nuna a 1979 bayan an shafe kimanin shekara uku ana aiki tare da sashen shirye-shiryen halittu na BBC da ke Bristol. An kafa wannan sashe a 1957, shekarar da aka buɗe Sashen Hausa na BBC.

Yadda aka yi shirin shi ne darasin. Rubutu ya fara yi, ya tsara labarin tun daga farko har ƙarshe, sannan aka aika masu ɗaukar hoto ƙasashe su nemo abin da rubutun ke bukata. Sai ya fara jimla a hamada, ya ƙarasa ta a cikin kurmi a wata nahiya, watanni shida tsakanin rabin jimlar da ɗaya rabin. Wannan ne ya sa kullum za ki gan shi da shuɗiyar riga da wandon kaki iri ɗaya. Ba rashin tufafi ba ne. Idan riga ta canza tsakanin hoto da hoto, mai kallo zai bar sauraro ya koma tunanin riga.

Akwai abin da ya kamata in faɗa miki kai tsaye: an gina wannan shiri ne a kan ra'ayin Darwin, masanin halittu ɗan Birtaniya, na cewa halittu sun samo asali daga juna sannu a hankali, kuma shi Attenborough bai taɓa ɓoye cewa ba shi da tabbaci a kan al'amarin addini ba. Da yawanmu muna kallon hoton muna cewa Subhanallah, shi kuwa da wata fassara yake kallo. Ki san wannan kafin ki zauna, don kada ki ce ba a gaya miki ba.

Wurin da ya fi shahara a shirin shi ne na goggon biri a tsaunukan Ruwanda, inda Ba'amurkiyar nan Dian Fossey ke nazarinsu. An ɗauka a farkon 1978. Abin da aka shirya shi ne ya matsa kusa ya yi bayani a kan babban yatsa, yadda yake ba biri da mutum damar riƙe abu. Yana rarrafe cikin ganye sai ya tsinci kansa a tsakiyarsu. Uwar ta ɗora masa hannu a ka, 'ya'yan suka hau jikinsa, wasu na jan igiyar takalminsa. Ya bar bayanin yatsa. 'Yan kalmomin da ya faɗa a wurin, da raɗa, a kan cewa haɗa ido da goggon biri ya fi haɗa ido da kowace dabba ma'ana, ba sa cikin rubutu. Sauran lokacin shiru ya yi yana murmushi. Raɗar da kike ji ta samo asali daga irin wannan wuri ne, inda ɗaga murya zai kori abin da aka zo nema, ko ya jawo maka mari daga dabbar da ta ninka ka ƙarfi.

Wannan shirun na daɗe ban koye shi ba. Ina saurayi aka tura ni ɗauko rahoto a kan masunta. Muka samu hoto mai kyau: gari bai gama wayewa ba, wani dattijo tsaye a bakin kwalekwale, ya karkata, ya wurga birgi ya buɗe a sama kamar laima. Na zauna na rubuta magana ta cika kowane daƙiƙa, har da cewa ga shi nan yana wurga birgi. Mai tace mana hoto, wani dattijo marar yawan magana, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, Malam, makafi za a nuna wa? Ya goge fiye da rabi. Ki kalli kowane shirin Attenborough da agogo a hannu, ki ƙirga daƙiƙun da ba ya cewa komai. Ba ya gaya miki abin da idonki ke gani. Abin da ido ba zai iya sani ba yake ƙarawa: kwana nawa dabbar ta yi ba ta ci ba, me zai faru idan ta kuskure wannan karon.

Bayan 1979 sai ya ci gaba da jerin shirye-shirye irin Life on Earth kusan shekara talatin. The Trials of Life na 1990 shi ne mai hoton manyan dabbobin tekun nan masu farauta, masu siffar kifi, suna fitowa har gaɓar teku a Ajantina suna fizge 'ya'yan karnukan ruwa, da birai cimfanzi suna haɗa kai suna farautar wasu birai a kurmin Kwaddibuwa. A 1995 ya yi na tsirrai, wanda kowa ya ce ba zai kallu ba tun da itace ba ya motsi. Aka riƙa ɗaukar hoto ɗaya-ɗaya na tsawon kwanaki ana haɗawa, sai ga tsiro yana miƙa hannu yana laluben abin kamawa kamar mai rai da wayo. Na tsuntsaye, 1998, shi ne mai tsuntsun Ostireliya da ke kwaikwayon ƙarar kyamara da jiniyar mota da injin yankan itace. Yana cikin ɗaukar wannan shiri a Niyuzilan a 1997 aka kira shi cewa matarsa Jane ta faɗi, jini ya zuba a ƙwaƙwalwarta. Ya iso ya same ta da rai a asibiti, ta cika washegari, bayan shekara 47 da aure. Ya koma ya ƙarasa shirin.

A manyan shirye-shiryen baya-bayan nan irin su Planet Earth na 2006 da Africa na 2013, galibi murya ce tasa, sai ɗan fitowa nan da can, amma yakan gyara rubutun ya dace da bakinsa. Ya ci lambar yabo ta BAFTA, wadda ake ba gwanayen fim da talabijin a Birtaniya, a zamanin fari da baƙi, da na kala, da kowane sabon nau'in hoto da ya biyo baya. An ba shi sarautar Sir a 1985.

Tun da sana'ar za ki shiga, ki san inda aka soke shi. A 2011 jarida ta bankaɗo cewa hoton farar dabbar ƙanƙara, wadda Turawa ke kira polar bear, da jariranta a cikin rami, a shirin Frozen Planet, a wani gidan zu na ƙasar Holan aka ɗauka, aka haɗa shi da hotunan daji ba tare da an faɗa a cikin shirin ba. Ya kare abin da cewa shiga ramin a daji zai jawo mutuwar jariran ko ta mai kyamara. Hujja ce, amma ni da an tambaye ni, jimla ɗaya ta isa a sanar da mai kallo. Ki kuma sani cewa yawancin ƙarar da kike ji, takun ƙafa da tauna da fukafuki, a situdiyo ake haɗa su, don kyamara na hango abin da makirfo ba ya jiyowa.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Shekara da shekaru yana nuna duniya kamar aljannar da ba a taɓa ba, alhali ana sare dajin da ke bayan mai kyamara. Afirkar da ke cikin finafinan nan sau da yawa babu mutane a cikinta, sai ka ce zaki da giwa ne suka gaji ƙasar. Batun sauyin yanayi ma bai fito ya yi shiri a kansa ba sai 2006. Ya ce sai da hujja ta gamsar da shi. Daga nan ya sauya. Blue Planet II na 2017, wanda mutum miliyan 14 suka kalli kashinsa na farko a Birtaniya, ya nuna tsuntsayen teku suna ɗura wa 'ya'yansu roba, abin ya tayar da muhawara har majalisar Birtaniya. Duk wanda ya taɓa ganin mahauci ya farke tumbin akuya ya zaro dunƙulen leda ba ya bukatar a fassara masa wannan hoto. Ya yi jawabi a taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya a Folan a 2018, da na Glasgow a 2021.

Inda na raba gari da shi shi ne batun yawan jama'a. A 2013 ya kira ɗan Adam annoba a doron ƙasa, a wata hira kuma ya danganta yunwar Habasha da yawan mutane a kan ƙasa kaɗan, har ya nuna aika buhunan gari ba shi ne magani ba. Wannan magana ta yi mini ɗaci. Afirka gaba ɗayanta kimanin kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya take fitarwa. Ba manomin da ke da 'ya'ya takwas da jaki ɗaya ne ya cika sama da hayaƙi ba. Don a yi masa adalci, daga baya ya fito ya ce ƙasashe masu arziki su suka haddasa matsalar, kuma nauyin taimakon waɗanda abin ya fi shafa yana wuyansu.

Game da daɗewa, akwai rabo a ciki, akwai lafiya: an sa masa na'urar daidaita bugun zuciya a 2013, an sauya masa gwiwoyi biyu a 2015, ya ci gaba da aiki. A 2020 ya buɗe shafin Instagram, cikin awa huɗu da minti 44 ya tara mabiya miliyan ɗaya, bayan 'yan makonni ya daina sa komai. Ranar da ya cika shekara 99, a Mayun 2025, aka fara nuna fim ɗinsa Ocean a gidajen sinima. Mutumin da ya zagaye duniya sau ba adadi bai taɓa samun lasisin tuƙi ba, kuma wanda ya kwanta cikin goggon biri ya ce dabbar da ba ya ƙauna ita ce ɓera.

Idan kina son aikin gida, ki nemi guntun nan na tsuntsu mai kwaikwayo, minti uku ne ko ƙasa da haka. Ki kalla sau ɗaya da murya, sau ɗaya ki kashe muryar ki rubuta naki bayanin da Hausa, sannan ki kawo mini mu ga nawa za mu goge.